Gajimaren gyara a kan pilan: a share na baya ko a bar su?

ɗan_Mokoyo
Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Wata takwas ke nan ina aiki a wani ofishin zane nan cikin Maraɗi, kuma yanzu ne aka fara sakar mini aiki ni kaɗai: gidan bene hawa ɗaya a Ali Ɗan Sofo. Alhajin da ke da ginin ya sake ra'ayi sau uku. Da fari ya ce a faɗaɗa falo, daga baya ya ce matakala ta koma gabas, shekaranjiya kuma ya ce a fitar da shago biyu ta bakin hanya. Kowane gyara na kewaye shi da gajimare, wato layi mai baka-baka da ke nuna inda aka canza, a manhajar zane ta AutoCAD, na sa alwatika da harafi a ciki kamar yadda aka koya mana. Yanzu muna kan andis C, wato harafin gyara na uku, takardar hawan ƙasa ta cika, wani gajimaren ya hau kan wani, awon ma da ƙyar ake karanta shi. Ubangidana ya ce kar in taɓa ko ɗaya. Shef ɗin shantiye kuma, wato mai kula da wurin ginin, ya kira ni ya ce shi bai gane wanne ne sabo ba. Wanne ne daidai? Sannan tambaya ta biyu: bakan gajimaren wani lokaci suna fitowa ƙanana kamar haƙoran zarto, wani lokaci manya-manya. Ina ake daidaita su?

Injiniya_Bagalam
Wa alaikumus salam ƙanena. Shef ɗin ne da gaskiya. Aikin gajimare guda ɗaya ne: ya ce wa mai riƙe da takarda "duba nan, abin da ke hannunka jiya ya canza". In ka fitar da C, gajimaren C kaɗai ya kamata a gani. Na A da na B sun gama aikinsu. Abin da ke ajiye tarihi shi ne teburin da ke cikin kartush, wato akwatin bayanan da ke gefen takarda: harafi, kwanan wata, abin da aka gyara, wanda ya zana, wanda ya duba. Wasu ofisoshin suna barin ƙananan alwatikan A da B a wurarensu bayan sun cire gajimaren, don a san wajen an taɓa shi a baya. Ni haka nake yi.

Rabi_Archi
Na yarda da Injiniya, amma ɗan_Mokoyo kar ka ji an ce a cire ka je ka share. Buɗe kalk, wato shimfiɗar zane da ake iya kunnawa ko ɓoyewa, dabam ga kowane andis: REV-A, REV-B, REV-C. Gajimare a kalk ɗinsa, alwatika a wani kalk ɗin nasa. In ka wuce zuwa sabon harafi sai ka daskarar da kalk ɗin tsohon gajimare, ko ka kashe masa alamar bugawa. Yana nan cikin fayil, ranar da aka nema ka kunna.
Batun baka kuma lissafi ne kawai. In ka kira umarnin zana gajimare, REVCLOUD, akwai zaɓin tsawon baka. Ka fara tambayar kanka nawa kake son ya fito a takarda. Ni milimita 8 nake so. In kana zane da santimita kuma za ka buga a 1/100, sai ka ba shi 80. In 1/50 ne, 40. In da mita kake zane, 0.8 da 0.4. A tsofaffin AutoCAD yana tambayar ƙarami da babba, kuma babban ba ya wuce ninki uku na ƙaramin. Daga na 2021 gajimaren ya zama abu mai zaman kansa, za ka iya danna shi ka canza tsawon bakan a akwatin bayanansa ba sai ka sake zanawa ba.

Ɗalibi_JeniSibil
Don Allah Anti Rabi ni ina rubuta REVCLOUD a kwamfutata tana ce mini ba ta san umarnin ba.

Rabi_Archi
Taka ta Faransanci ce. Rubuta NUAGEREV. Ko ka sa ɗan layin ƙasa a gaban na Turancin, _REVCLOUD, wannan yana aiki a kowane harshe aka saka manhajar. Kuma kar ka wahalar da kanka da jan linzami da hannu yana karkacewa. Zana murabba'i ko rufaffen layi kewaye da wurin, ka zaɓi mayar da abu gajimare, zai tambaye ka ko a juya bakan ciki ko waje, shi ke nan.

Tsohon_Rotring
Ƴaƴana sannunku da ƙoƙari. Ni na fara wannan aiki kan allon zane, da takardar kalk, wato takardar nan mai shara-shara, da alƙalamin tawada. In aka ce a matsar da bango, reza muke ɗauka mu kankare tawadar a hankali, mu murje wurin don kar sabuwar tawada ta watsu, sannan mu sake ja. Wuri guda ba ya ɗaukar kankara fiye da sau biyu ko uku, takardar za ta huje. Gajimaren kuwa da fensir muke yin shi a bayan kalk ɗin, don in gyara na gaba ya zo a goge shi ba tare da an taɓa zanen ba. Kun ga ke nan tun wancan lokacin ba a tara su. A injin amoniya da muke kwafar pilan da shi yana fitowa sarai, da warin nan da ke sa ido hawaye.
Amma ba wannan ne ya sa na sa baki ba. Abin da ke damuna da pilan ɗin yaran yanzu shi ne layin bayani. Sai ka duba kartush ka ga: B, kwanan wata, "gyara". C, kwanan wata, "gyara bisa buƙatar mai gini". Wane gyara? Wannan ai ba ka faɗi komai ba. Rubuta "an mayar da matakala daga yamma zuwa gabas, faɗinta mita 1.10". Rubuta "an ƙara shago biyu ta arewa, an cire tagar ɗaki na 2". Wanda ya ɗauki takardar bayan shekara biyar, kai ba ka nan, wannan layin ne zai yi masa magana. In layin ya cika, ko ba gajimaren baya ba a rasa komai ba. In layin fanko ne, ko gajimare ɗari ka bari ba su da amfani.

ɗan_Mokoyo
Baba wallahi haka na rubuta, "gyara". Zan koma in cike su yau tun ina tune da abin da aka canza.

Shef_Shantiye
Ku masu ofis kuna ta maganar kalk, bari ku ji daga wajen rana. Matsalarmu ba ta cikin kwamfuta ba ce. Matsalar ita ce takarda nawa ke yawo a fili. Bara muna wani gini kan hanyar Madarumfa, a wayata kaɗai akwai fayil huɗu da aka turo mini ta WhatsApp: "plan final", "plan final 2", "plan final bon", da wani da ba suna sai lambobi. Babban magini yana da takarda a aljihu wadda aka ba shi tun ranar da aka ja igiyar harsashi, ta yi laushi ta sha siminti, ita ya yarda da ita. An matsar da ƙofar ɗakin girki santimita 60 a sabon pilan, da gajimarenta da komai, mai kyau. Amma sabon yana wayata, ni kuma ranar na tafi Tibiri wani aikin. Kafin in dawo an ɗaga bango har an zuba lanto, wato simintin da ke saman ƙofa. Sai da muka fasa. Kwana biyu na ma'aikata, da siminti, da ƙarfe, ga ɓacin ran mai gini wanda ya fi duka tsada.
Tun daga nan na kafa doka: in sabuwar takarda ta shigo shantiye, tsohuwar ba ta kwana. Ina bi hannu hannu in karɓe, in ja mata layi biyu da jan biro, in rubuta AN SOKE babba. Guda ɗaya nake ajiyewa a jaka. Kuma ina roƙonku, ku sa harafin a sunan fayil. Sunan gini, lambar takarda, harafi, kwanan wata. Kalmar "final" ɗin nan ku daina ta, ba pilan ɗin da ke ƙarewa sai an miƙa makulli.

Mai_Tiraj_Kasuwa
Tunda a wurina kuke bugawa bari in ƙara. Yawancinku ja kuke sa wa gajimare, a allo yana da kyau. Amma kaɗan ne ke biyan bugu mai kala. In aka buga baƙi da fari, jan yana komawa toka-toka, ko ya zama baƙi siriri irin na layin awo, ya ɓace cikin zanen. Ku ba shi kauri, kamar 0.5, ya fi layin awo nesa. Na biyu, kuna tsara takarda a A1 sannan ku ce in rage ta zuwa A3 don sauƙin kuɗi. Komai ya ragu rabi ke nan, harafin da ke cikin alwatika ya koma kamar ƙwayar gero, kuma 1/50 ɗin da ke rubuce a kartush ya zama 1/100. Wanda ya ɗora rula a kai ya auna ya shiga uku.

Magini_Sura
Ni magini ne, ɗana ke karanta mini wannan zauren. Shef ya faɗi gaskiya. Kuma ku sani ba kowa ya san ma'anar abin nan ba. Farkon ganina da shi a tsakar gida aka zana, na ɗauka itace ake nufin a shuka a wurin, don haka kuke zana itace in an hango shi daga sama. Ba wanda ya taɓa zama ya gaya mini. Minti biyar ne, ku zo ku tsaya da mu ku nuna da yatsa.

Injiniya_Bagalam
Malam Magini wannan magana taka ta fi duk abin da na rubuta a sama nauyi. Laifinmu ne.

BaKatsine_Revit
Gaisuwa daga tsallaken Jibiya. Mu a nan lamba muka fi sawa, 1, 2, 3, maimakon harafi, amma abu ɗaya ne. Ina so in ce duk wannan wahalar ta kalk da cike tebur da hannu, Revit, wata manhajar zanen gini, ya ɗauke ta. Akwai akwati guda da kake rubuta jerin gyare-gyare, kowanne da ranarsa da bayaninsa. In ka zana gajimare sai ka jingina shi ga gyaran da yake nasa, teburin da ke kan takardar ya cika kansa. A gaban kowane gyara akwai zaɓi uku: a nuna gajimare da alama, a nuna alama kaɗai, ko a ɓoye duka. To ka ga tambayar ɗan_Mokoyo, danna ɗaya ce. Kuma in ka sa alamar cewa an fitar da gyaran, ya kulle, ba ka iya ƙara masa gajimare. Abin lura ɗaya: tun farko ka zaɓa ko lambar za ta bi ginin gaba ɗaya ko kowace takarda da nata lissafin. In ka canza a tsakiyar aiki lambobin takardun da ka riga ka raba za su rikice.

Rabi_Archi
ArchiCAD ma yana da irinsa tun sigar 18, kuma a Maraɗi ai shi muka fi gani a ofisoshi fiye da Revit. Amma gaskiya mutane da yawa suna ɗaga gini a ciki don hoto mai kyau da za a nuna wa mai kuɗi, sannan su fitar da shi zuwa DWG, wato fayil ɗin AutoCAD, su ƙarasa a can. Daga nan an yanke igiyar, duk amfanin ya tafi.

Ɗalibi_JeniSibil
To a ina ya fi a zana gajimaren, a filin zane ko a shafin bugawa? Malamai biyu sun gaya mana abu biyu.

Injiniya_Bagalam
A shafin bugawa. Gyara na takarda ne. Kuma a can milimita 8 milimita 8 ce, ba ruwanka da lissafin da Rabi ta yi. Sai dai ka kulle tagar da zanen ke leƙowa ta cikinta a shafin, don in zanen ya gusa a ciki gajimaren zai tsaya yana kewaye da abin da ba shi ba.

Rabi_Archi
A nan mun rabu Injiniya. Ni a filin zane nake yi, saboda in bango ɗaya ya fito a takarda uku ina so gajimaren ya bi shi duk inda ya je, kar in manta ɗaya. Inda ba na son a gan shi sai in daskarar da kalk ɗin a wannan tagar kaɗai. Kowanne da haɗarinsa. Abin da ba shi da kyau shi ne ofis ɗaya mutum biyu kowa da tasa hanyar.

Sani_Dessin
Ni tambayata dabam ce, ku yi haƙuri. Wa ke biyan kuɗin duk wannan? ɗan_Mokoyo ya ce sau uku. Matsar da matakala ba jan layi biyu ba ne: hawan ƙasa, hawan sama, yankan gini, fuskoki, ramin matakala a dal, wato simintin bene, duk sai an taɓa. Mutanenmu suna ganin tunda kwamfuta ce danna maɓalli ne kawai. Ni yanzu tun ranar ciniki nake faɗa: gyara biyu suna cikin kuɗin, daga na uku akwai ƙari. Wasu sun gudu, amma waɗanda suka tsaya suna tunani kafin su kira.

Hajiya_MaiGini
Ni ba ma'aikaciyar zane ba ce, ƙanina ya sa ni cikin zauren lokacin da nake gini a Zariya. Malam Sani ku ma ku yi mana adalci. Mu ba mu iya karanta takardar nan ba. An nuna mini ɗaki an ce huɗu ne a kan uku da rabi, na ce to. Sai da bulo ya kai gwiwa na shiga na tsaya na ga gado da kabad ba za su zauna ba. Da gangan na yi? Kuɗin da na tara shekara da shekaru ne. Da wanda ya zana ya zo fili ya shata mini da toka ko da igiya tun kafin a haƙa, da ban sa shi gyara ba. Kuma da ya kawo sabuwar takardar, waɗannan da'irorin masu lanƙwasa su ne kaɗai suka sa na gane inda ya taɓa. Don haka ni a wurina suna da amfani ƙwarai, in ba su yi yawa ba.

Sani_Dessin
Hajiya na karɓa. Shatawa a ƙasa kafin haƙa tana rage rabin rigimar, gaskiya ne. Amma kuɗin zuwa filin ma sai an sa shi cikin ciniki.

ɗan_Mokoyo
Na gode duka. Na je na sami ubangidana da maganar, ya gaya mini dalilinsa. Ya ce an taɓa kai shi ƙara wurin manya kan wani gini, mai ginin ya rantse shi bai taɓa cewa a canza komai ba, kuma abin da ya cece shi shi ne takarda ɗaya da ke ɗauke da dukkan gajimaren da harufansu. Tun daga ranar ba ya cirewa.

Tsohon_Rotring
Kar ku yi saurin ganin baiken ubangidan yaron nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Buƙatarsa gaskiya ce, shaida yake so. Sai dai ya ɗora wa takardar shantiye kayan da ba nata ba. Takardar magini dabam, takardar ajiya dabam.

Injiniya_Bagalam
Haka ne Baba. Kuma gajimare shi kaɗai ba ya nuna wa ya ce a canza, yana nuna an canza ne kawai. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce kowane andis a fitar da PDF ɗinsa a ajiye, ba a sake taɓa shi, a buga kwafi ɗaya mai gini ya sa hannu da kwanan wata. In saƙon murya ya turo, a adana shi a jaka ɗaya da pilan ɗin. Kuma a kwafe a wani wuri ban da kwamfutar ofis, kun san yadda wuta ke yi mana lokacin zafi.

Bashir_Beton
Ban ga wanda ya taɓo ɓangarenmu ba. ɗan_Mokoyo, da ka mayar da matakala gabas, ka gaya wa wanda ya yi lissafin ƙarfe? Shago biyu ta bakin hanya yana nufin an cire bango an buɗe baki mai faɗi, ga bene a sama. Wataƙila poto, wato ginshiƙi, ya gusa, wataƙila katakon beton, wato ginshiƙin siminti na kwance, da ke kai yana son ƙarin tsayi da ƙarfe. Sau da yawa ina ganin pilan ɗin arshitek yana kan C, na kofraj, wato katakon da ake zuba siminti a ciki, da na ƙarfe suna nan kan A, kowa na aiki da nasa. Ƙofar da Shef ya fasa asarar kuɗi ce. Wannan kuwa rai ne. Ni in an turo mini sabon andis ba gajimare, mayar da shi nake yi, don ba zan zauna ina neman bambanci da ido ba.

BaKatsine_Revit
Injiniya Bashir, in DWG aka turo maka ai akwai umarnin COMPARE na kwatanta zane biyu tun AutoCAD 2019. Ka buɗe sabon, ka nuna masa tsohon, ya ɗora su. Abin da ke cikin sabon kaɗai ja, na tsohon kore, kuma shi da kansa yake kewaye wuraren da gajimare.

Rabi_Archi
Ka juya su Malam. In ba ka taɓa saitin ba, abin da ke cikin wanda ka buɗe kaɗai shi ne kore, abin da ke cikin ɗayan kaɗai ja, wanda bai canza ba toka. Yana da amfani sosai wurin kama abin da hannunka ya gusar ba ka sani ba. Amma kar a ɗauki gajimarensa a miƙa wa shantiye yadda suke, don ko rubutu ka matsar kaɗan sai ya kewaye shi. Shi bai san wanne ne muhimmi ba.

BaKatsine_Revit
Na duba, ke ce da gaskiya. Na gode.

Bashir_Beton
Ina amfani da shi, amma don in tabbatar ne. Wanda ya yi gyaran shi ke da alhakin nuna shi.

ɗan_Mokoyo
Injiniya Bashir ban gaya masa ba, na ɗauka sai an gama duka. Na kira shi yanzu, ya ce in turo, kuma kar a zuba komai ta gefen shagunan sai ya duba. Na sanar da shef.
Ga inda muka tsaya da ubangidana. Ya yarda in raba kalk ɗin, in fitar da takardar shantiye da gajimaren C kaɗai. Amma ya ce alwatikan A da B su zauna, kuma in buga masa kwafi ɗaya mai dukkan gajimaren ya sa a durowarsa. Na cike layukan bayani kamar yadda Baba ya ce. Gobe da safe zan kai takardun da kaina in karɓo tsofaffin, in tsaya da magina.
Sai dai wani abu ya taso. Shef ya ce mini tagar ɗakin baƙi sun riga sun faɗaɗa ta da santimita 30 tun makon jiya, Alhaji ne ya zo ya ce a yi, ba wanda ya gaya wa ofis. Wannan in sa shi a matsayin D, ko in bar shi sai ƙarshe lokacin pilan ɗin abin da aka gina?

Injiniya_Bagalam
Ni zan jira in haɗa shi da abin da mai lissafin ƙarfe zai dawo da shi, su fita D tare. Harafi kan kowace taga zai ƙarar maka da harufa kafin a kai dal.

Shef_Shantiye
A'a Injiniya, mai walda zai zo ɗaukar awon tagogi cikin satin nan, kuma na san shi, daga takarda yake kwafa in yana sauri. ɗan_Mokoyo ka zo da jan biro gobe, mu gyara a kan kwafin shantiye mu sa hannu mu biyu, D ɗin ta same mu daga baya. Ka iso kafin ƙarfe takwas, bayan nan ina wurin masu kawo yashi.